Yadda Ake Gano da Gyara Matsalolin Fenti a Bodin Motar Rimot

Bodin motar rimot, wato ƙaramar motar wasa da ake tuƙawa da rimot, roba ce garai-garai mai laushi, kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba, ana kiranta Lexan ko folikabonet, kuma ta ciki ake fesa mata fenti. Daga nan wahalar aikin ta samo asali. Hawan da ka fara fesawa shi ne wanda ido zai gani ta waje. Mai fentin motar gaske idan aiki ya ɓaci sai ya goge da samfefa ya ƙara wani hawa a kai. Kai ba ka da wannan damar, domin duk abin da ka ƙara bayan kuskuren yake zama, ba gabansa ba. Sauƙin da ke ciki shi ne ƙyallin daga robar yake fitowa, saboda haka ko bayan fentin ya yi ɗan kaushi ba wanda zai gani. Aikinka shi ne ka san abin da kowace matsala ke nunawa, ka kama ta a kan guntun roba kafin ta hau bodin.

Kayan da za ka tanada

Alƙalamin feshi, wanda ake sayarwa da sunan eyaburosh. Ka nemi mai kunama iri biyu, wato dannawa ƙasa ta ba da iska, ja baya ta ba da fenti. Allurar cikinsa mai milimita 0.5 ta fi dacewa da fentin ruwa mai kauri da kuma rufe wuri mai faɗi. Mai 0.3 ko 0.35 ta fi kyau wajen inuwa da siraran layuka, amma ta fi saurin toshewa.

Kwamfiresa mai tanki, da agogon daidaita iska, da matatar ruwa. Wanda ba shi da tanki iskarsa na fita da bugu-bugu, kuma da zarar an ɗauke wuta aiki ya tsaya a tsakiyar hawa.

Fentin da ya dace da Lexan. A na ruwa akwai Faskolor da Createx da na Pro-Line. A masu sinadari akwai Spaz Stix. A gwangwani kuma akwai Tamiya, amma ka duba lambar da kyau: mai PS shi ne na wannan robar, mai TS na roba mai tauri ne. Ka haɗa da ruwan sirkawa na kamfanin da ya yi fentin.

Sauran su ne sabulun wanke-wanke na ruwa, tsumman da ba ya zubar da zare, safar hannu ta roba, soson Scotch-Brite ruwan toka, tef na takarda mai kyau ko ruwan rufi wanda ke bushewa ya zama fata, wuƙar yanka mai sabon kaifi, auduga mai tsinke, tsinken sakace, sifirit irin wanda ake kira IPA, handiraya, da takunkumi mai matata. Takunkumin ƙyalle ba ya tare tururin fenti mai sinadari, kuma na ruwan ma ƙurarsa ba ta dace da huhu ba. Ka yi aiki inda iska ke wucewa, nesa da murhu da janareto.

Abu na ƙarshe, kuma ni a wurina ya fi yawancin waɗannan muhimmanci: guntayen robar da ka yanke daga mazaunin tayoyi da gefen bodin. Kada ka zubar da ko ɗaya. Idan babu, ka yanka gorar ruwa ta roba. Za ta nuna maka yadda feshin ke sauka, amma ba za ta gaya maka ko fentin zai kama Lexan ba, domin robar ba iri ɗaya ba ce.

Mataki na 1: Tsaya, ka duba ta waje

Da ka ga abu bai yi daidai ba, ka saki kunama. Sabon shiga yakan ƙara fenti a kan wurin da nufin rufewa, sai ƙaramar matsala ta zama babba. Juya bodin ka duba ta waje ta cikin ledar kariyar da ke manne da shi, sannan ka ɗaga shi ga haske. Idan ba a ganin abin ta waje, ka bar shi ya bushe ka ci gaba. Idan ana gani, ka ɗauko guntun roba ka sake fesawa ba tare da ka taɓa komai ba. In matsalar ta sake fitowa a guntun, laifin na fenti ne ko iska ko alƙalami. In ba ta fito ba, laifin yana jikin bodin ko a hannunka.

Daga nan ka riƙa sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Wanda ya ƙara iska, ya sirka fenti, ya kuma matso kusa duk a lokaci guda, ko aikin ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba, gobe kuma zai koma gidan jiya.

Mataki na 2: Fenti yana guje wa wasu wurare

Za ka ga ƙananan ramuka zagayayyu, tsakiyarsu fayau, fentin ya taru a gefe. Wannan maiƙo ne. Ko dai ragowar man da masana'anta ke amfani da shi wajen cire bodin daga mazubi, ko zanen yatsa, ko man shafawa na hannu, ko kuma man silikon na shokozoba, wanda kusan kowane mai motar rimot yana da shi a teburinsa. Ɗigo ɗaya a yatsa ya isa ya ɓata rabin bodi.

Maganinsa wanki ne kafin a fara. Ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka bi kowane lungu na ciki, ka ɗauraye sosai, ka bar shi ya bushe ƙarau. Ruwa na maƙalewa a kusurwar bamba da ramin fitila, iskar alƙalami kuma za ta turo shi cikin fentinka. Bayan wanki kada hannu ya sake taɓa ciki sai da safa. Ka guji sabulun wanka mai mai a ciki.

Idan ka wanke da kyau amma ramukan ba su daina ba, ka fesa iska zalla a kan farar takarda na ɗan lokaci. In ta yi tabo, mai ne ke biyo tiyo. Hakan na faruwa ga mai aron babban kwamfiresa irin na masu faci, wanda ke aiki da baƙin mai. Sai ka sa matatar mai da ruwa, ka kuma sauya tiyon, domin tsohon ya riga ya sha.

Mataki na 3: Fenti yana tsiyaya ko yana bazuwa

Iri biyu ne. Na farko fentin ya taru ya gangaro. A cikin bodi wannan ya fi faruwa a lunguna, domin iska na tura fenti can ya kwanta. Na biyu kuma ɗigon ya fashe, siraran layuka su fita daga tsakiyarsa ta ko'ina. Duka biyun ma'anarsu ɗaya: jiƙa ta yi yawa a wuri guda. Ko fentin ya cika ruwa, ko ka matso ainun, ko ka ja kunama da yawa, ko hannunka ya tsaya.

Lexan ba ta shan fenti ko kaɗan, santsi gare ta, don haka hawan farko dole ya zama ɗan yayyafi wanda kana iya ganin yatsunka ta bayansa. Ka tsaya kamar santimita 10 zuwa 15 daga robar, ka fara motsa hannu kafin ka ja kunama. Ka busar da handiraya a ƙaramin zafi, daga nesa, kana yawo da ita. Bindigar zafi ta masu gyaran waya ko masu walda roba za ta lanƙwasa bodin, kada ka kusanto da ita. Hawa na biyu zai sami abin kamawa. Hawa uku zuwa huɗu marasa nauyi sun fi ɗaya mai nauyi kyau, sun kuma fi jure karo.

Wajen lunguna, ka fara da su tun bodin yana bushe, da ɗan fenti kaɗan, sannan ka dawo wurare masu faɗi.

Mataki na 4: Alƙalami yana tofi

Nan ne yawancin mutane ke karaya, nan ne kuma ya kamata ka fi natsuwa, domin dalilan suna da yawa kuma alamominsu sun yi kama.

Fara da tsinin allura. Fentin ruwa yana bushewa a kansa tun kana cikin aiki, musamman fari da sauran masu kauri. Yana taruwa har feshin ya ragu, sai ka ƙara jan kunama, sai dunƙulen ya fizgo ya faɗa kan aikinka. Ka ajiye auduga mai tsinke da ka jiƙa da ruwan sirkawa a kusa, kowane minti ɗaya ko biyu ka share tsinin a hankali. A lokacin zafi da na hunturu, da iska ke bushe ƙamas, abin ya fi tsanani. Ka yi feshi da sassafe, ka kuma ɗiga ɗan sinadarin jinkirta bushewa idan kana da shi.

Sai tsarin yatsa. Ka danna iska ta fara fita, ka ja fenti, ka mayar da kunama gaba fenti ya tsaya, sannan ka saki iska. Wanda ke sakin iska alhali allura na baya yakan bar ɗigo a bakin alƙalami, dannawa ta gaba kuma ɗigon ne zai fara fita. Ka saba da fara danna iska a gefe, ba a kan bodi ba.

Sai kaurin fenti da ƙarfin iska, waɗanda tare suke tafiya. Fenti mai kauri da iska mara ƙarfi suna ba da feshi mai tsaki-tsaki. Ka sirka har ya yi kamar madarar ruwa: idan ka shafa shi a jikin ƙoƙon fenti na alƙalamin ya gangara ya bar ɗan launi a baya. Fentin ruwa da ba a sirka sosai ba yakan so iska tsakanin 35 zuwa 50 a ma'aunin PSI da allura 0.5. Wanda aka sirka da kyau zai fita a 25 zuwa 30. Masu sinadari da ke zuwa a tsinke sukan wadatu da ƙasa da haka. Ka karanta agogon lokacin da iska ke fita, domin allurarsa na sauka da zarar ka danna. Wasu na sirkawa da ruwa zalla idan ruwan kamfani ya ƙare. Yana yi in kaɗan ne kuma ruwan mai tsabta ne, amma in ya yi yawa fentin zai rasa ƙarfin kamawa. Tsohon fenti mai gudaji kuma ka tace shi da guntun safar nailon kafin ya shiga ƙoƙo.

Idan abin da ya fito ɗigon ruwa ne fari wanda ya wanke fentin inda ya sauka, daga tiyo yake. Kwamfiresa na zafafa iska, idan ta huce a tiyo sai raɓa ta taru. Da damina ya fi yawa. Ka zubar da ruwan matata kafin ka fara, ka buɗe mazurarin ƙasan tanki bayan ka gama, kuma ka sa ƙaramar matata ta biyu a gindin alƙalamin kansa.

Idan kuwa ƙoƙon fenti ne ke kumfa, iska ce ke komawa baya. Nozul, wato ƙaramin bakin da tsinin allura ke leƙowa ta cikinsa, ya kwance, ko ya toshe, ko bakinsa ya tsage. Ka kwance ka wanke, ka duba bakin da gilashin ƙara girma. Wajen ɗaurawa ka bi sannu, zaren nozul siriri ne, ƙaramin ƙarfi ke karya shi a ciki. Feshin da ke karkata gefe ɗaya kuma alamar lanƙwasasshiyar allura ce. Ka zare ta ka juya a kan yatsa, za ka ji ƙugiyar. Sabuwa ta fi gyara.

Mataki na 5: Launi ya yi gari-gari ko ya yi dabbare-dabbare

Idan ka shafa yatsa a guntun gwaji fentin ya biyo kamar ƙura, ya bushe ne a iska kafin ya isa robar. Ka yi nisa da yawa, ko iska ta yi ƙarfi, ko rana ta yi zafi. Matso kaɗan, rage iska. Irin wannan hawan ba ya kamawa, duk abin da ka ɗora a kansa tare za su ɓare.

Dabbare-dabbare kuma daga hannu yake. Kowane layin feshi ya hau rabin wanda ya gabace shi, hawa ɗaya a tsaye, na gaba a kwance. Bayan kowane hawa ka ɗaga bodin ga fitila, inda haske ya fi ratsawa nan ne ke buƙatar ƙari. Launuka masu sheƙi da masu ratsa haske su suka fi tona asirin hannu.

Ƙura ma na shiga nan. Goga Lexan da busasshen tsumma na sa ta jawo ƙura da zare, da hunturu kuwa abin ba a magana. Ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, ka hura cikin bodin da iska zalla dab da fesawa, kuma ka kifa shi yayin bushewa.

Mataki na 6: Fenti ya shiga ƙarƙashin tef, ko ya biyo tef

Kafin kowane launi ka bi bakin tef da farce ko tsinken sakace ka danne, musamman inda tef biyu suka haɗu da inda bodin ya lanƙwasa. Tef da ka danne jiya ya ɗaga yau. Hawan farko a bakin tef ya zama yayyafi busasshe, shi zai toshe kafar. Ka kuma fesa daga bayan tef zuwa fili, kada ka tura fenti cikin bakinsa.

Mai aiki da ruwan rufi ya shafa hawa uku zuwa huɗu masu kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba, ya bar shi ya kwana. Idan ya yi siriri zai riƙa yagewa gutsi-gutsi wajen cirewa. Wajen yanka zane, nauyin wuƙar kawai ya isa. Duk layin da ka zurfafa a Lexan nan bodin zai tsage ranar da motar ta daki bango.

Idan fenti yana biyo tef wajen cirewa, ya yi kauri ne har ya haɗe da na kan tef ɗin. Ka bi bakin da wuƙa sama-sama, ka naɗe tef baya a kan kansa kana ja a hankali, maimakon ka ɗaga shi sama.

Mataki na 7: Launi ya dushe bayan an ƙara wani

Ka fesa ɗorawa mai kyau, ka ɗora shuɗi a bayanta, sai ta koma kore-kore. Ƙa'idar ita ce mai duhu a fara, mai haske daga baya. Inda zane ya tilasta maka fara mai haske, ka rufe bayansa da fari ko azurfa har haske ya daina ratsawa kafin mai duhu ya zo. Launuka masu ƙyalƙyali irin na rigar masu aikin titi ba sa fitowa sai da fari a bayansu. Masu ratsa haske suna son azurfa. Kurom kuwa, wato launi mai ƙyalli kamar madubi, baƙi yake so, kuma shi ne mafi wuyar sha'ani a cikinsu: roba mai tsabta wadda ba a kankare ba, iska kaɗan, hawa sirara, a bar shi ya bushe sosai. Idan baƙin da ka ɗora mai sinadari ne kuma ka jiƙa shi, zai narkar da kurom ɗin ya koma toka. Ka yi amfani da baƙin ruwa ko wanda kamfanin ya tanada don haka.

Kada ka ɗora fenti mai sinadari da nauyi a kan na ruwa wanda bai gama bushewa ba, yana iya tattarewa. Duk haɗin da ba ka taɓa yi ba, ka fara gwada shi a guntu.

Mataki na 8: Fenti yana ɓarewa bayan an fara tuƙi

Bodin nan lanƙwasawa yake yi a kowane karo, fentin da ba ya lanƙwasawa tare da shi dole ya zube. Babban dalili shi ne fentin da ba nasa ba, kamar gwangwanin feshi na ƙarfe da ake samu a kasuwa ko fentin mota. Ranar farko zai yi kyau, karo na farko kuma ya zubo ɓawo-ɓawo. Gwajin mai sauƙi ne: fesa a guntun Lexan, bar shi kwana ɗaya, lanƙwasa shi gaba da baya, sannan ka manna tef ka fizge. Abin da ya tsira daga wannan zai tsira a fili.

Fentin ruwa yana ƙara kamawa idan ka ɗan kankare cikin bodin da soso ruwan toka kafin wanki. Ka tsallake tagogi da duk inda kurom zai zauna, domin a nan sawun kankarar zai fito. Bayan launi na ƙarshe ka rufe da hawan kariya, musamman idan motar mai injin naitiro ce, wato mai shan mai maimakon batir, domin mansa na cin fentin ruwa. Ka ba shi aƙalla kwana ɗaya kafin ka ɗora a mota, sannan ka manna tef mai ƙarfi ta ciki inda taya ko sandar riƙe bodi ke gogawa.

Mataki na 9: Goge abin da ya riga ya ɓaci

Fentin ruwa da bai bushe ba, auduga da ruwa sun isa. Idan hawan farko ne gaba ɗaya ya lalace, ka kai bodin famfo ka wanke, ka busar, ka sake duba tef. Wanda ya bushe, ka jiƙa auduga mai tsinke da sifirit ka riƙa murzawa daga gefen tabon zuwa tsakiya, kana sauya auduga kafin ta mayar da launin. Ɗan layin da ya zarce bakin tef kuma tsinken sakace na kankare shi ba tare da ya zana robar ba. Fentin gwangwani na PS ya fi taurin kai, domin yana cizon robar. Tamiya na da ruwan goge bodi da aka yi don wannan, shi ma da haƙuri ake bi da shi.

Tinar fentin mota, da asiton na goge farce, da fetur, kada ɗayansu ya taɓa Lexan. Suna sa ta yi hazo ko ta yi ƙananan tsagu, wani lokaci ba nan take ba, sai ta fashe daga baya. Ruwan goge gilashi mai amoniya ma ba abokin wannan robar ba ne. Sifirit na kemis kuma ka fara ɗiga shi a guntu, domin ba duka ne haɗinsu ɗaya ba.

Bayan ka goge, wurin zai bar ɗan gefe. Ka fesa launin da sirara kana faɗaɗa da'irar kaɗan-kaɗan har ya saje, sannan ka mayar da fari ko azurfar da ke bayansa. A launi mai duhu gyaran yakan ɓace. A mai sheƙi ko kurom da wuya ya ɓace sarai, kuma ci gaba da gogewa na ƙara faɗin tabon ne kawai. A irin wannan hali ka bar shi haka, ka gama sauran aikin, ka cire ledar kariyar waje, sannan ka ɗora sitika ko lambar mota daidai kan wurin.